Yadda ake sabunta wayoyin batir da wayar ƙasa a tsohuwar mota

Idan tsohuwar mota ta fara nauyin tashi, batir ake fara zargi. A sayo sabo, ya yi mako biyu yana aiki, nauyin ya dawo. Sai a koma kan kik, wato na'urar da ke murza inji ya tashi, a kwance shi, a wanke, a mayar, amma da zarar inji ya yi zafi sai ka ji "ƙas, ƙas" kawai. Sau da yawa batir da kik lafiyarsu ƙalau, wayoyin da ke tsakaninsu ne suka gaji. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da 404 da ta gabace ta, da Mercedes W123, da Volkswagen Beetle, da tsofaffin Land Rover, duk sun kwashe shekaru masu yawa suna shan zafin inji da ruwan damina da tiririn ruwan batir, kuma da wuya ka samu wadda aka taɓa canza mata wayar ƙasa da gangan.

Abin da ya kamata ka riƙe kafin ka ɗauki sifana ɗaya ne: wuta ba ta aiki sai ta fita daga batir ta kuma dawo cikinsa. Jar waya mai kauri ce ke kai ta ga kik. Dawowarta kuwa ta jikin kik ɗin ne, ta ratsa ƙarfen inji, ta bi wayar ƙasa zuwa ɗaya kan batir. Inji yana zaune ne a kan roba, roba kuma ba ta ɗaukar wuta, don haka wayar ƙasa ce kaɗai gadar. Duk yawan wutar da ta tafi, ita ce za ta dawo. Kik na injin fetur mai silinda huɗu yana jan amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) 100 zuwa 200, na dizal yana kai 300 har ya wuce. Idan tsatsa ta sa mahaɗa guda ta yi tirjiyar da ba ta wuce 0.01 na om (ma'aunin tirjiya ga wuta) ba, a amfiya 200 ka yi asarar volt 2 a wurin, kuma wurin zai ɗauki zafin wat 400. Shi ya sa kan batir ke hayaƙi alhali kik na nishi.

Idan wayar ƙasa ta tsinke gaba ɗaya, wutar ba ta haƙura. Takan bi wayar totur, ko ta cok, ko ta kuloci, ko bututun birki. Wayar totur da ta yi tauri ba dalili, ko robarta ta narke, alama ce babba. Sauran alamomin su ne fitilar gaba mai rauni da ke ƙara haske idan an taka totur, allurar zafi ko ta mai da ke motsi idan an kunna fitila, da batir da ba ya cika duk da altaneta, mai yi masa caji, na aiki.

Kayan da za ka tanada

- Mitar gwada wuta mai nuna lamba, wadda ke karanta ƙasa da volt ɗaya
- Sifana 10, 13 da 17. Motocin Ingila da Amurka na da suna son na inci: 7/16, 1/2 da 9/16
- Waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ja da baƙa
- Saƙaƙƙiyar wayar ƙasa mai faɗi, guda ɗaya ko biyu
- Kawunan waya masu zobe, na jan ƙarfe, daidai da kaurin wayar, masu ramin 8mm ko 10mm gwargwadon ƙusar da za su hau
- Kawunan batir biyu
- Abin matse kan waya. In babu, bais (maƙatar ƙarfe ta kan teburi) da guduma da fanc (ƙarfen da ake dokawa da guduma) mai dakusasshen baki
- Zarto mai ƙananan haƙora da wuƙa mai kaifi
- Samfefa da burushin ƙarfe
- Robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ko tef mai kyau
- Giris ko basilin
- Bekin soda ko kanwa, da ruwa
- Robar saka wa bakin rami, da maɗauran roba
- Tabarau da safar hannu

Kaurin waya shi ne inda aka fi yin tsumulmula. Ana auna shi da murabba'in milimita na jan ƙarfen da ke ciki, masu sayarwa kuma sukan ce "25mm" ko "35mm" kawai. Injin fetur mai silinda huɗu da batirinsa ke kusa da kik, 25 ta ishe shi. Mai silinda shida ko dizal, 35. Idan batir na cikin but, ko motar mai volt 6 ce, 50 ko fiye. Idan wayar da ka samu da ma'aunin Amurka aka rubuta ta, lamba 4 ta kusa 21, lamba 2 ta kusa 34, 1/0 kuma ta kusa 53. Lissafin ba wuya: mita ɗaya ta waya mai 25 tana cinye kusan volt 0.14 a amfiya 200, mai 10 kuma tana cinye 0.35. Mita huɗu ta mai 16 tana cinye kusan 0.9, wanda ya isa ya hana mota tashi da sanyin safiyar hunturu.

Kada kaurin roba ya ruɗe ka. Akwai wayoyin da robarsu ta kai yatsa amma abin da ke ciki bai kai tsinken ashana uku ba. Akwai kuma na alminiyom da aka shafa wa launin jan ƙarfe. Kankare silin guda da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, alminiyom ne, wutar da yake ɗauka ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta jan ƙarfe ba, kuma yana saurin zama gari a bakin batir. Ka ɗaga ta a hannu ma za ka ji ba nauyi. Idan wayar mota ta gaske ta yi wuya, wayar walda ta jan ƙarfe tana aiki sosai, tana da laushi, sai dai robar wasu ba ta jure mai, sai ka sa mata riga inda za ta bi kusa da inji. Wata hanyar ita ce a nemi doguwar wayar batir da aka cire daga motocin da batirinsu ke cikin but, irin wasu BMW, a kasuwannin kayan mota kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A yanke ƙarshenta a duba: in jan ƙarfen na sheƙi, ta fi sabuwa mai arha.

1. Tabbatar da kan da ke jone da bodi

Yawancin motoci kan negetib ne ke zuwa bodi, amma ba duka ba. Motocin Ingila da yawa, irin su Morris Minor da Land Rover, da kan fozitib aka jona su da bodi har cikin shekarun 1960. Land Rover ta koma negetib a 1967. Ford na Amurka ma haka yake kafin ya koma volt 12 a 1956. Kada ka dogara da launin waya, domin hannaye da yawa sun riga ka taɓa motar. Bi kowace waya da ido da hannu ka ga inda ta ƙare. Dubi alamar + da − a jikin batir, kuma kan fozitib ya ɗan fi na negetib kauri. Bayanin da ke tafe na motar da negetib ɗinta ke bodi ne. In taka akasin haka ce, duk inda aka ce negetib ka ɗauka fozitib, kuma kada ka juya mata tsari a cikin wannan aikin, domin sauya shi ya shafi dainamo da kwayil da rediyo.

Ɗauki hoton kan batir, da bayan kik, da bayan altaneta da wayarka kafin ka taɓa komai.

2. Gwada kafin ka kwance

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ne ke nuna maka inda ciwon yake. Fara da batir: bayan mota ta huta awanni, cikakken batir yana nuna volt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabi ne a ciki, a yi masa caji tukuna, in ba haka ba gwajin zai yaudare ka. Na volt 6 cikakke yana nuna 6.3.

Sa giya a firi, ja hambirki. Hana inji tashi: a na fetur, cire siririyar wayar da ke kai wuta ga kwayil ka naɗe bakinta da tef. A na dizal, cire wayar da ke buɗe mai a famfo, in kuma W123 ce, wani ya danne hannun kashe inji da ke jikin famfon. Sa mita a kan volt na batir. Kana buƙatar mutum ɗaya a kan makulli, kuma kada ya riƙe shi fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda.

Gwaji na farko, allurorin mita biyu a kan kawunan batir. Yayin da kik ke juyawa, kada lambar ta faɗi ƙasa da 9.6. In ta faɗi, ko batir ya mutu ko kik na jan wuta fiye da ƙima.

Na biyu, jar allura a kan dalmar fozitib ta batir, wato kan da ya fito daga jikin batir, ita kanta dalmar ba maƙalar da ke kanta ba, baƙar allura a kan babbar ƙusar bayan kik. A murɗa makulli. Abin da ka gani shi ne wutar da ke ɓacewa a hanyar zuwa. Kada ta wuce 0.5.

Na uku, baƙar allura a kan dalmar negetib, jar allura a kan jikin kik inda ka kankare ƙarfen ya fito. A murɗa. Wannan ita ce asarar hanyar dawowa. Daga 0.2 zuwa 0.3 ba laifi, fiye da haka wayar ƙasa na da matsala. A motar volt 6 ka raba waɗannan lambobin biyu.

Idan lambar ta yi yawa, bi hanyar gaɓa-gaɓa: daga dalma zuwa maƙala, daga maƙala zuwa ƙarshen waya, daga ƙarshen waya zuwa ƙarfen da aka ɗaure ta. Mahaɗa mai lafiya ba ta cin fiye da 0.1. Inda lambar ta yi tsalle, nan ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa mita a kan om ko a kan ƙara, a ji ta yi "ƙiii" a ce waya lafiya lau. Sili ɗaya tak da ya rage a cikin waya ya isa ya sa mita ta yi ƙara, amma ba zai ɗauki amfiya 200 ba. Sai waya na ɗauke da kaya take nuna halinta.

In babu mita, ɗauki wayar jona batir mai kauri, ka maƙala baki ɗaya a negetib, ɗayan a tsaftataccen ƙarfen inji. Idan kik ya ƙara gudu a fili, wayar ƙasa ce. Bayan an murɗa makulli na daƙiƙa 10, bi mahaɗun da bayan hannu a hankali. Wadda ta yi ɗumi ita ce mai laifi.

3. Kwance tsofaffin wayoyi

Cire zobe da agogon ƙarfe. Zobe da ya haɗa sifana da bodi yana yin ja cikin ƙiftawar ido. Kashe makulli, kuma ba sigari ba walda a kusa, domin batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, musamman bayan caji.

Kan da ke jone da bodi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Dalili: in sifanarka ta taɓa bodi kana kan negetib, ba abin da zai faru, amma in ta taɓa kana kan fozitib alhali negetib na jone, tartsatsi ne da narkewar ƙarfe. Tsofaffin Peugeot da yawa suna da noti mai kunne a kan negetib da ake kwancewa da hannu.

Idan maƙala ta ƙi fita, sassauta notin sosai, ka buɗa bakinta da sukundireba mai faɗi, ka murɗa ta hagu da dama. Kada ka doke ta da guduma kuma kada ka ɓanɓare ta da ƙarfi, dalmar na tsagewa daga gindi, ruwan batir ya riƙa tsattsafowa, farin garin nan ya riƙa dawowa kullum.

Fitar da batir. Jiƙa cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa, in babu ruwan kanwa ma na yi, ka wanke mazaunin batir da kawunan har kumfa ta daina tashi, sannan ka ɗauraye ka bar shi ya bushe. Kada ruwan ya shiga cikin batir. Kwance tsofaffin wayoyin ɗaya bayan ɗaya ka ajiye su don awo. Tsaga robar ɗaya kusa da kan wayar ka duba: in jan ƙarfen ya yi kore ko baƙi har cikin roba, wanke kan wayar ba zai cece ta ba.

4. Auna ka yanke

Bi hanyar da sabuwar waya za ta bi da igiya, sannan ka auna igiyar. Waya mafi gajarta ita ce mafi kyau, amma duk wadda za ta tsallaka daga bodi zuwa inji sai ka bar mata rarar santimita 3 zuwa 5, domin inji na girgiza a kan robarsa, kuma a tsohuwar mota robar ta riga ta yi laushi. Naɗa tef a wurin yankan, ka yanka ta tsakiyar tef ɗin da zarto, silin ba zai watse ba.

5. Haɗa kawunan waya

Nan ne ingancin aikin yake. Fere roba daidai zurfin bututun kan wayar, da ƙarin milimita ɗaya ko biyu. Zagaya wuƙa a hankali, kada ta ci silin. Zura robar tsukewa tun yanzu, kafin ka sa kan wayar. Tura silin duka cikin bututun, ba a yanke wasu don su shiga. In sun ƙi shiga, kan ya yi ƙarami. In sun shiga suna lilo, ya yi girma, kuma ba zai matsu da kyau ba.

Duba fuskar da zoben zai kalla kafin ka matse, domin waya mai kauri ba ta murɗuwa daga baya. Matse da abin matsi, sau biyu a jere in bututun na da tsawo. In babu shi, ɗora kan a bisa buɗaɗɗen bakin bais yadda zai zauna a kwarmi, ka sa fanc a tsakiyar bututun ka doka har ya lotsa sosai. Lallatsa shi da guduma a kan dutse har ya baje ba matsi ba ne, silin na nan a sake a gefe. Gwada: ɗaure zoben a bais ka ja wayar da ƙarfinka. In ta motsa, yanke ka sake.

Liƙi da dalma ba dole ba ne idan matsin ya yi kyau. In da fanc ka matse, za ka iya ƙara dalma kaɗan ta bakin bututun don cike gurbi. Yi amfani da dalmar aikin lantarki, ba ruwan asid na masu gyaran lagireto ba, wanda ke cinye jan ƙarfe daga ciki. Kada ka bar dalma ta zarce ƙarƙashin roba, tana sa waya ta yi tauri, girgiza ta karya ta a daidai wurin. Dalma ita kaɗai ba matsi kuwa haɗari ce, domin tana narkewa a zafin da bai kai digiri 200 ba.

Jawo robar tsukewa ta rufe bututun da santimita biyu na jikin waya, ka gasa ta daga nesa kana juyawa. In tef ne, naɗa shi da ja, zagaye uku.

Kawunan batir masu ƙusa biyu da ke danne tsirarar waya na fita kunya ne a hanya. In su kaɗai ka samu, ka wanke silin tas, kada ka yi masa dalma, ka ɗaure sosai, ka cika da giris ka rufe. Mai bututun matsi ya fi su nesa ba kusa ba.

6. Shirya wuraren ɗauri

A jikin inji, nemi ƙusa mai kauri da ke shiga ainihin ƙarfen inji ko akwatin giya. Ƙusar da ke riƙe kik ko ɗaya daga cikin masu haɗa inji da giya su ne na gaba-gaba, domin suna dab da inda wutar ke fitowa. Ka guji ƙusar salansa saboda zafi da tsatsa, da murfin saman inji da kwanon mai na ƙasa saboda gasket ya raba su da inji, da ƙarfen jan fambel saboda ana kwance shi kullum. Manyan ƙusoshin kan silinda kuwa ba a taɓa su, ɗaurinsu na da ma'auni.

A jikin bodi, wurin da kamfani ya tanada ya fi, in bai ruɓe ba. In ya ruɓe, nemi wuri mai kauri, leƙa bayansa kada ka huda waya ko bututu, ka huda ramin 8mm ka sa ƙusa da noti. Sukurun da ke cin kansa a siririn kwano ba ya riƙe wayar ƙasa, wata biyu ya sassauta.

Goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, faɗin da ya ɗan fi zoben. Fenti, tsatsa da baƙin mai duk sai sun tafi. Motar da ta fito daga fenti ta fara rashin lafiyar wuta, a nan za ka samu dalili: an fesa fenti an mayar da waya a kansa. Goge fuskar zoben ma. Zoben ya kwanta kai tsaye a kan ƙarfe, washa ta zo a samansa, sannan kan ƙusa. Duba cewa kaurin zoben bai rage wa ƙusar kamu ba, musamman inda take shiga alminiyom. Bayan ka ɗaure, shafe wurin da giris ko ka taɓa masa fenti don ruwa.

7. Ɗaura wayoyin ƙasa

Uku ake so. Ta farko daga negetib zuwa inji, kaurinta daidai da na jar wayar kik, ko kaɗan kada ta gaza. Ta biyu daga negetib zuwa bodi, mai 10 ko 16, ita ce hanyar dawowar fitilu da hon da na'urorin gaban direba. Ta uku daga inji zuwa bodi, saƙaƙƙiya mai faɗi, domin ta fi jure lanƙwasa.

Motoci da yawa kamfani ya yi musu biyu ne kawai: gajeriya daga batir zuwa bodi, sai saƙaƙƙiya daga bodi zuwa giya a ƙasan mota, kamar a W123. Tsarin na aiki, amma duk wutar kik tana ratsa mahaɗai huɗu, biyu daga cikinsu suna ƙasa inda ruwa da laka suke. Kuma ita ce ake mantawa a mayar bayan an sauke giya don canza kuloci. In kana son motar ta zauna yadda ta fito daga kamfani, sabunta waɗannan biyun, duka da cikakken kauri. In tashi ba fargaba ka fi so, ƙara ta kai tsaye zuwa inji. Ba ta ɓata komai.

Motar da bodinta ke zaune a kan casis dabam, irin Land Rover da Land Cruiser, tana son ƙarin waya daga inji zuwa casis, da kuma daga casis zuwa bodi. Bodin Land Rover na alminiyom ne, inda ya haɗu da ƙarfe yana yin farin gari da ke toshe wuta, don haka fitilun baya sun fi zama lafiya in aka ja musu baƙar waya tasu zuwa casis.

8. Jar waya da wayar altaneta

Ja jar waya daga batir zuwa kik, nesa da salansa da aƙalla santimita 10, nesa da fambel da sandar sitiyari. Duk inda za ta ratsa ramin ƙarfe, sa robar bakin rami. In babu, tsaga guntun tiyo ka zura mata. Ɗaure ta kowane santimita 20 zuwa 30, amma ba a jikin bututun fetur ko na birki ba. Ka tuna wannan wayar ba ta da fis. In ƙarfe ya ci robarta, babu abin da zai tsayar da wutar sai gobara.

A bayan kik, notin babbar ƙusar ba ya son ƙarfi. Murfin da ke riƙe ta na saurin tsagewa, ƙusar kuma ta jan ƙarfe ce. Ɗaure da gajeriyar sifana har ya kama, ka tsaya. In akwai noti na ciki, riƙe shi da wata sifana. Babban zobe ne ke fara shiga, ƙananan wayoyi su biyo. Motocin da solonoyid ɗinsu, wato makunnin da ke sakar wa kik wuta, ke maƙale dabam a jikin bodi suna da jar waya biyu, duka ka sabunta, ka kuma goge mazaunin solonoyid ɗin.

Idan an sa wa motar altaneta mafi ƙarfi fiye da na asali, siririyar wayarsa ta da ba za ta wadatar ba. Mai amfiya 60 zuwa 80 yana son waya mai 10, mai 100 yana son 16. Sabuwar wayar da ka ƙara zuwa batir, sa mata fis da ya ɗan fi ƙarfin altanetan, a cikin santimita 20 daga batir. In motar na da allurar amfiya a gaban direba, wannan wayar za ta kewaye ta, allurar ta daina nuna caji daidai.

9. Mayar da batir ka sake gwadawa

Zaunar da batir ka ɗaure shi da ƙarfensa. Igiya ko guntun robar taya ba su hana shi tsalle a hanya mai gargada, kuma kan fozitib da ya taɓa bonet ƙarshen zance ke nan. Goge dalma da cikin maƙala har su yi haske. Fozitib farko, negetib daga baya. Tura maƙala har ƙasa kafin ka ɗaure, in ta ɗauru bai kamata ta juya da hannu ba. In tana lilo, kada ka cusa ƙusa ko sukuru a tsakani, wutar duka za ta koma bi ta wannan ɗan wurin. Sau da yawa batirin ne mai siraran kawuna irin na wasu motocin Japan, sai a nemo maƙalar da ta dace ko hular dalma da ake sa wa kan. Shafa basilin a sama bayan ɗauri, ka rufe fozitib da murfin roba.

Idan ka ga babban tartsatsi lokacin jona negetib alhali komai na kashe, janye, akwai wayar da ke taɓa bodi.

Maimaita gwaje-gwajen mataki na 2 ka kwatanta lambobin. Sannan mayar da wayar kwayil ka tayar da inji. A ɗan taka totur, a kunna fitilu: batir ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Daga jikin altaneta zuwa negetib kada ya wuce 0.2, daga babbar ƙusar altaneta zuwa fozitib kada ya wuce 0.5, daga bodi zuwa negetib kuma wajen 0.1. Kada ka cire kan batir inji na aiki don ganin ko altaneta na caji. Wutar na yin tsalle ta ƙona abin da ke cikinsa, mita kuma ta riga ta ba ka amsa.

Beetle na da nata hali. Batirinta na ƙarƙashin kujerar baya, gajeriyar wayar ƙasa na ɗaure a daɓen mota inda ruwan batir ke zuba, ga kuma saƙaƙƙiya a hancin akwatin giya da ke haɗa shi da casis. In ta biyun ta tsinke, wayar kuloci ce ke ɗaukar wutar har ta ƙone. Murfin kan fozitib wajibi ne a wannan motar, domin in mai nauyi ya zauna a baya, ƙarafan kujera na iya sauka a kan batir. Tsofaffin masu volt 6 kuwa ba su da rarar ko rabin volt, sai kowace mahaɗa ta yi sheƙi.

In an mayar da batir cikin but, jar waya ta zama 50, a bi da ita ta inda dutse da jak ba za su same ta ba, batir ya zauna a akwati mai bututun fitar da iska zuwa waje. Negetib ya sauka a kauraren ƙarfe kusa da batir, sannan a gaba a haɗa inji da bodi da waya mai kaurin 50 ita ma. In bodin ya sha tsatsa ko faci, ja baƙar waya tun daga but har inji.

Bayan mako guda na tuƙi, bi duk notocin da sifana, domin sabon jan ƙarfe na ɗan kwantawa. Daga nan a duba su kafin damina da bayanta, da duk lokacin da aka sauke giya ko aka yi wa mota fenti.